Ƙararrawa da Guntun Harshe

Ruwa aka kwana ana yi, aka wayi gari bai ɗauke ba. Irin ruwan nan ne mai zuba a tsaye, wanda in ya sauka a kan kwanon tasha ba ka jin maganar na kusa da kai sai ka kai kunne bakinsa. Ina tsaye ƙarƙashin rumfar dandamali na ɗaya da gudumata a hammata, ina jiran jirgin kudu ya shigo in duba masa ƙafafu. Aikina ke nan a tashar jirgin ƙasa tun ina da baƙin gashi, in bi taragu ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasa ƙafafun ƙarfe ina sauraro. Ƙanena kuwa a lokacin ɗan dako ne, saurayi siriri kamar a hure shi ya faɗi, yana tsaye da buhun wani a kai, ya jiƙe sharkaf.

Sai wuta ta ɗauke. Lasifikokin tasha suka yi tsit. A daidai wannan lokaci ruwa ya cika layin farko, aka juya jirgin kudu zuwa dandamali na uku, can ƙetaren gada. Tsohon mai sanarwa ya leƙo ta tagar ɗakinsa yana ta ɗaga hannu, bakinsa na motsi, ba mai jin sa. Mutane na zaune a kan kayansu, ga jirgi yana shigowa ta wancan gefe, ba su san nasu ba ne.

Ƙanena ya dire buhun nan, ya haye wata tsohuwar ganga, ya cika ƙirji.

"Masu jirgin kudu! Ku hau gada! Dandamali na uku!"

Sai da tantabarun rumfa suka tashi. Ni da muka fito ciki ɗaya ban san yana da wannan abu a maƙogwaro ba. Muryar ta ratsa ruwan, kowace kalma ta fita da kanta da ƙafarta. Jama'a suka zabura, masu goyo, masu akwati, aka cika gada. Shugaban tasha na wancan zamani ya fito da laima yana waige-waige, ya ce, "Wace ƙararrawa ce wannan aka sayo ban sani ba?"

Daga ranar sunan ya bi shi. Ko mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, daga baya Ƙararrawa take ce masa.

Da tsohon mai sanarwa ya ajiye aiki, ba a nemi kowa ba, shi aka miƙa wa makullin. Ɗakin sanarwa wani ɗan akurki ne a saman wurin sayar da tikiti, ana hawa ta matakalar katako mai kuka. Taga ɗaya ce, amma ta cikinta kana ganin dandamali duka har inda layi ya karkata ya ɓace. Akwai tebur, akwai makirufo da ya naɗe wa kai da ƙyalle mai laushi, akwai fankar da sai an taɓa ta da biro take juyawa. A gefen taga kullum akwai filas ɗin ruwan ɗumi, domin shi ruwan sanyi bai ƙara shiga bakinsa ba tun da ya hau matakalar nan. In zai yi sanarwa sai ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan riga kamar ana ganinsa. Na taɓa ce masa, "Kai da ba a ganin ka, me ye na gyaran riga?" Ya ce, "Yaya, ai riga tana fita a murya."

Haka ya yi shekaru har gemunsa ya soma furfura. Ya nemo iyayen yaran da suka ɓata, ya tashi masu barci a benci kafin jirgi ya bar su, ya taɓa hana wani tsallaka layi da tsawa ɗaya. A gida ma muryar ba ta sauka. In ya ce a miƙo masa buta, maƙwabta uku ne ke jin sa. Matarsa, wadda ke ɗinki a falo, sai ta tsayar da keke ta ce, "Malam, nan ba tasha ba ce, jirgin ya wuce." Shi kuma ya ce, "Sanarwa ta biyu ke nan, a miƙo buta."

A cikin 'ya'yansa, ƙaramar ce ta ɗauko kunnensa. Tun tana 'yar mitsitsiya take kwaikwayon maganar mutane, mai shayin tasha, mai gyaran famfo, har ni da ban cika magana ba, sai ta yi irin gyaran muryata kafin in buɗe baki. Shi ya sa muke ce mata Aku. Da ta girma ta tafi jami'a, aka tambaye ta me za ta karanta, ta ce ilimin harshe. Ubanta ya yi dariya har da buga cinya.

"Harshen da kika sha a nono shi za ki je ki koyo? To in kin gama ki zo ki koya mini."

Ashe da gaske zai zo ya nema.

Wani ɗan ƙurji ne ya fito masa a kan harshe, can a tsini. Ya ce zafin shayi ne. Ya ƙi warkewa, ya soma ci. Da aka je asibiti likitoci suka ce abin ba na wasa ba ne, gara a yanke wurin tun bai bazu ba. Aka yi aiki, Allah ya sa aka dace, ciwon ya tafi gaba ɗaya. Amma ya tafi da tsinin harshen.

Ranar da ya fara magana bayan an cire zare, muna zaune a ɗakinsa. Muryar tana nan, ƙirjin yana nan, amma kalmomin sun narke cikin juna kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Duk abin da ake faɗa da kan harshe sai ya gudu ya koma can baya wajen ganɗa. Ya kira sunan tasha, ya ji abin da ya fito, ya rufe baki da hannu.

Shugaban tasha na yanzu mutum ne mai kirki, ɗan zamani, bai kai sa'an babban ɗan Ƙararrawa ba. Ya zo gaisuwa har gida. Amma da aka gama gaisuwa ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce ɗakin sanarwa ba wurin gwaji ba ne, rayukan mutane ke ciki. Ya ce wata ma'aikaciyar tikiti za ta riƙe wurin har hutun jinya ya ƙare. In magana ta dawo, makulli nasa ne. In ba ta dawo ba, akwai kujera a ɗakin ajiyar kaya.

Ɗakin ajiyar kaya ba shi da taga. Na san shi, a can nake ajiye guduma kafin in bar aiki. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kallon tasha daga sama, a ce ya koma yana gadin buhuna a duhu, ai an binne shi da rai.

Sai ga Aku ta zo da jakarta da kwamfuta. Ko ruwa ba ta sha ba ta buɗe ta a kan teburin ɗinkin uwarta. Ta sa ubanta ya yi magana, sai ga maganar ta fito a fuskar kwamfuta, wani zane mai duhu-duhu kamar sawun ruwa a jikin gilashi. Muka taru muna kallo baki buɗe. Matarsa ta ce, "Ikon Allah! Yau ga surutun Malam na gani da idona." Aku ta samo tsohuwar sanarwarsa da wani ya ɗauka a waya, ta ajiye zanen tsohuwar muryar kusa da na yanzu. Ta nuna masa inda suka bambanta, ta zana masa cikin baki, ga haƙori, ga dasashi, ga inda harshe ke taɓawa a saki iska. Ta ba shi madubi.

Ƙararrawa ya kama abin nan da hannu biyu. Daga safe har rana ta karkata yana gaban madubi, yana miƙa guntun harshen nan yana son ya kai inda tsohon ke kaiwa. Jijiyar wuyansa ta tashi, hawaye na zuba don wahala. Ya yi magana, ya leƙa kwamfuta, zanen ya ƙi zama irin na da. Ya sake, ya ƙi. Abin da aka yanke ai ba ya tsirowa don an matsa masa. A hankali ya rage gwadawa, daga baya ya daina magana ma gaba ɗaya, sai nuni da hannu. Gidan ya yi shiru, ba ka jin komai sai keken ɗinki. Matarsa ta tare ni a ƙofa ta ce, "Yaya, na yi shekaru ina roƙon Allah shiru a gidan nan. Ga shi ya zo, ba na so."

Hutun jinya kuwa yana ta guduwa.

Wata safiya Aku ta same ni a bencin mai shayin tasha, inda nake zama tun da na ajiye aiki. Idonta ya yi ja. Ta zauna kusa da ni. Mai shayi ya ajiye mata kofi. Can gefe Dogo, wani tsohon ɗan dako abokin ubanta, yana ta kiran ciniki.

"Pasinja! Ina pasinja mai kaya?"

Daga tagar tikiti kuma wata ma'aikaciya ta ɗaga murya ta ce, "Fasinja su bi layi don Allah!"

Na ga Aku ta ajiye kofi a hankali. Ta dubi Dogo, ta dubi tagar tikiti. Ta juyo gare ni.

"Baffa, abin da Dogo ya faɗa da abin da matar can ta faɗa, ɗaya ne?"

Na ce, "Ɗaya ne mana."

"Ka tabbata? Shi ya rufe leɓɓansa gam ya fasa su. Ita ba ta rufe ba, hura iska ta yi."

Na ce, "To ai duk mai tafiya suke kira."

Ta kama hannun rigata. "Baffa, lokacin da kake buga ƙafafun jirgi, duk ƙara ɗaya suke yi?"

Na ce ina, kowace da tata. Sabuwar ƙafa tana da ƙara siririya, tsohuwa tana da kauri, ta taragon kaya daban, ta taragon mutane daban, in ƙarfe ya ɗau zafin rana ma sai ƙarar ta sake.

"To wacce kake tsayar wa jirgi?"

Na ce, "Mai tsaga kaɗai. Ita ba ta amsawa, sai ta ce ƙwas ta mutu. Sauran ko yaya suka yi, lafiyayyu ne."

Ta miƙe zumbur har ta kusa ture kofin. "Na shiga ta ƙofar da ba ita ba! Baffa, tashi mu je! Tashi!"

Mai shayi yana kira, "Ke Aku, shayin fa?" Ta ce, "Ba Dogo, ya ci albarkacin bakinsa!" Ni da gwiwata ke ciwo, ranar sai da na yi sassarfa a kan titi kamar yaro.

Muka tarar da Ƙararrawa zaune gaban madubi ya yi tagumi. Aku ta rufe kwamfuta, ta juya madubin ya fuskanci bango. Ta durƙusa gabansa tana haki.

"Baba, ka saurare ni. Karatunmu na sauti gida biyu ne. Akwai ilimin furuci. Shi ruwansa da yadda sauti ke fita, ina harshe ya taɓa, yaya leɓe ya yi, iska nawa ta wuce. Shi komai ƙanƙantar bambanci sai ya gani, shi ne wannan zanen da na nuna maka. A wajensa ko kai da kanka ba ka taɓa faɗin kalma ɗaya iri ɗaya sau biyu ba. Sannan akwai ilimin tsarin sauti. Shi tambayarsa ɗaya ce, a cikin duk bambance-bambancen nan, wanne ne masu harshen suka ɗauka da muhimmanci, wanne ne ke raba wata kalma da wata. Sauran kunne yafewa yake yi, bai ma san ya yafe ba."

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma sunayen nan biyu sun zauna mini, don ta maimaita su a gidan nan har kajin tsakar gida sun kusa haddacewa.

Ƙararrawa ya ɗaga mata gira, alamar to sai me.

"Sai me? Baba, fasinja ba su zo tasha da kwamfuta ba, da kunne suka zo! Ba ruwansu da inda harshenka ya taɓa. Ba sai ka dawo da tsohon sautinka ba. Abin da ake so, in ka ce tara kada a ji kara, in ka ce dasa kada a ji gasa. Ka yi shi da harshe, ka yi shi da leɓe, ka yi shi da gemu in ka ga dama, muddin sun rabu a kunne, ka gama!"

Matarsa ta ce daga bakin keke, "Da gemun ma zai fi, ya samu aikin yi."

A karon farko tun da aka fito asibiti na ga kafaɗun ƙanena suna rawa da dariya.

Nan take Aku ta tsara yadda za a yi. Ta jera mu a falo, ni da uwarta da maƙwabciyarsu mai sayar da ƙanƙara, ta ce kowa ya juya wa Ƙararrawa baya. Ba a kallon bakinsa, don ido yana taya kunne ha'inci. Ita za ta raɗa masa kalma ɗaya cikin biyu masu kama, shi ya faɗa. In ta farko muka ji mu ɗaga hannun dama, in ta biyu ce mu ɗaga hagu. Ba tambaya, ba a ce sake.

Ranar farko abin dariya ne. Ya faɗa, ni na ɗaga dama, matarsa ta ɗaga hagu, mai ƙanƙara ta ɗaga duka biyu. Amma yanzu ba inda aka ce lallai sai ya kai harshe, don haka ya shiga laluben bakinsa kamar mai neman makulli a aljihu. Ya gwada tura muƙamuƙi gaba. Ya gwada danna gefen harshe a haƙori. Can wata rana da hantsi, ya lanƙwasa leɓensa na ƙasa ya cusa shi bayan haƙoran sama, ya tara iska, ya saki.

"Tura."

Hannuwa uku suka tashi dama a tare, kamar an ja su da igiya.

"Kura."

Uku suka tashi hagu.

Aku ta yi wata ƙara ta daka tsalle. "Sake, Baba, sake!" Ya sake, ya cakuɗa su, ya yi mana wayo ya faɗi ɗaya sau uku a jere, ba wanda ya ɓata. Matarsa ta manta da doka ta juyo, ta ga yadda ya murɗe baki kamar mai tsotsar lemun tsami, ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa, tana dariya tana share hawaye.

Daga nan abin ya zama wasan unguwa. Mai shayi yakan rufe tebur ya zo, Dogo ya zo, mai gyaran famfo ya zo, a jeru a tsakar gida an juya baya kamar masu laifi. Dogo yana cewa, "Ni fa kada a ci zarafina, da bakina aka gano maganin nan." Aku ta ƙara wahalar abin. Ta sa uwarta ta riƙa taka keke, ta kunna rediyo, ta tura ubanta can bayan ƙofar kicin, don tasha ba wurin shiru ba ce. Sauti bayan sauti ya riƙa samo wa kowanne sabon mazauni a bakinsa. Wasu sun zo da sauƙi. Na cikin tsaya da tsallaka ya ba shi wuya ƙwarai, sai da ya koyi matse maƙogwaro ya harbo shi ta tsakanin haƙori.

Akwai wanda bai dawo ba sam, wato kaɗa harshen nan da yake yi in ya ce sanarwa, har ka ji kamar an ja zare a kan ganga. Da shi yake taƙama. Ya dame shi ƙwarai. Aku ta ce, "Baba, bar shi ya tafi. Wannan ado ne a bakinka. Ka yi mai sauƙin, ba inda zai kai mutum jirgin da ba nasa ba." Ya ce a sabuwar maganarsa, "Adon ne ai ni." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Da hutu ya zo ƙarshe muka tafi ofishin shugaban tasha mu uku. Ya ba mu kujeru, ya ce Ƙararrawa ya yi sanarwa ya ji. Ƙanena ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya fara. Na ga idon shugaban ya kafe a kan bakin nan da ke murɗewa, leɓe na shiga yana fita. Kafin a kai ƙarshe fuskarsa ta riga ta ba da amsa.

Ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari, wallahi ka yi. Amma ba muryar da muka sani ba ce."

Aku ta ce, "Yallaɓai, gaskiya ne, ba ita ba ce, ba kuma za ta dawo ba. Amma me ya faɗa?"

Shugaban ya maimaita sanarwar tun daga farko har ƙarshe, bai bar kalma ba. Da ya gama sai ya ankara da abin da bakinsa ya yi.

Ta ce, "Yallaɓai, kai kana kallon bakinsa, kana kuma tuna tsohuwar muryarsa. Fasinja ba ya ganin ko ɗaya. Ka auna shi daga ƙasa, inda aikin yake."

Ya ɗan juya biro a hannu. Ya ce gobe da safe masu gyara za su rufe layin farko, jirgin kudu zai koma dandamali na huɗu. Ya ce ba zai kafa allo ba, ba zai aika kowa ba, zai tsaya a gindin gada ya gani. In mutane suka tashi da sanarwa kaɗai, shi ke nan. In ba su tashi ba, zai saki 'yan dako su kwashe su, maganar kuma ta ƙare.

Washegari gari ya waye tas, rana ta fito da wuri. Dandamali na ɗaya ya cika maƙil, ga masu buhuna, ga 'yan makaranta, ga wani da akuya a igiya. Injin masu gyara yana ta ruri a gefe. Na tsaya kusa da shugaban a gindin gada, Aku na gefena tana murza yatsu. Mai shayi ya bar ruwa yana tafasa ya fito. Dogo ya tara 'yan dako ya ce duk wanda ya buɗe baki ya taimaka, shi da shi ne. Ta taga na hango ƙanena ya miƙe tsaye, hannunsa ya tafi wuyan riga.

Lasifika ta yi ƙara, sannan muryar ta fito.

"Masu tafiya a jirgin kudu, a saurara. Jirginku zai tsaya a dandamali na huɗu. Ku tattara kayanku ku tsallaka gada. Dandamali na huɗu."

Ba wanda ya motsa. Ashe ɗan jinkirin nan ne da mutum ke yi kafin ya yarda cewa sai ya ɗaga kaya. Wata mata ta fara miƙewa ta gyara goyo. Mai akuya ya ja igiya. Sai dandamalin gaba ɗaya ya tashi kamar an kaɗa tabarma, akwatuna suka hau kai, aka nufo gada ana ture-ture. Wani yana ce wa ɗan'uwansa, "Na huɗu aka ce, yi sauri!" Ba wanda ya tsaya tambaya. Dole muka matsa gefe don kada a bi ta kanmu.

Aku ta riƙe kafaɗata tana tsalle tana cewa, "Baffa, ka gani? Ka gani?" Dogo ya jefa gammonsa sama. Mai shayi ya ruga don ruwansa ya ƙone.

A ƙarshen jerin wata tsohuwa ta taho tana jan jaka, ta tsaya gaban shugaban tasha don ta ga hular aiki.

"Ɗana, ina kuka kai Ƙararrawa? Wannan sabon da kuka sa, muryarsa ba ta kama ƙafar ta wancan ba."

Shugaban ya ce, "Iya, ina za ki yanzu?"

Ta ce, "Dandamali na huɗu mana, ko kai ba ka ji ba?" Ta wuce tana mita.

Shugaban ya cire hula ya yi dariya har ya riƙe ƙarfen gada. Sannan ya ɗaga hular sama wajen taga ya kaɗa ta.

Da na hau matakalar nan mai kuka na tarar da ƙanena zaune yana shan ruwan ɗumi, gumi ya jiƙa masa riga. Na gaya masa abin da tsohuwar ta ce, don na san in ban faɗa ba Dogo zai faɗa da ƙari. Ya juya yana kallon taga, inda mutane ke shiga jirgi. Can ya ce, "Tana da gaskiya, Yaya. Wancan ya fi ni murya." Ya taɓa fanka da biro ta soma juyawa. "Amma ni ma na kai ta jirginta."

Yanzu Ƙararrawa yana nan a ɗakin sanarwa, makulli na aljihunsa. Safiya kaɗai yake yi, don baki yana gajiya da sabon aikin da aka ɗora masa, in rana ta take sai ma'aikaciyar tikitin nan ta karɓe shi. Aku ta koma makaranta, tana aiki da masu irin lalurarsa a wani asibiti kusa da jami'arsu. A gida kuwa ya koma kiran buta da ƙarfi, maƙwabta biyu ke jin sa.